Jan Turbo da Makullin Tsohon Direba

Tun ranar da Tsohon Direba ya fara riƙe sitiyari, ba a taɓa karɓar makulli daga hannunsa ba, sai dai in shi ne ya ga dama ya miƙa. Ya ja tirela, ya ja tankar mai, ya ja bas ɗin ma'aikata, kuma duk inda ya bar aiki da kansa ya ajiye makulli a kan tebur, aka yi masa godiya, aka raka shi har bakin ƙofa. Saboda haka abin da ya same shi a tsakar gidansa, a gaban matarsa, ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinsa. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Mamana domin sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ce ta zare makullin motarsa daga jikin ƙusa, ta jefa a jaka, ta ja zif.

Motar ƙarama ce, mai sauya giya da kanta, mai turbo, wato na'urar da ke hura wa inji iska don ƙarin ƙarfi, wadda 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa bayan ya ajiye aiki. Wata rana da la'asar ya dawo daga ziyarar wani tsohon abokin aikinsa da ke can bayan gari, ya karyo kwana zai shiga gida. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya taka birki yadda ya saba. Motar ba ta saurare shi ba. Ta ci gaba da turawa gaba, birkin kuma ya yi tauri kamar an sa dutse a ƙarƙashinsa. Kafin ya danne da dukkan ƙarfinsa, ta riga ta daki ƙyauren gida. Fitila ɗaya ta fashe, ƙyauren ya lotsa, maƙwabta suka leƙo.

Mamana ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ganin tsofaffin da ƙafa ta fara yi wa gardama. Washegari da safe ta zo ta tayar da motar da kanta. Injin ya ɗan yi ƙara, ya kwantar da murya, birki ya kama lafiya lau.

"Baba, totur ka taka, ka zaci birki ne," in ji ta cikin ladabi. "Ba abin kunya ba ne. Kullum muna ganin irinsa."

"A ina kuke ganin irinsa?"

"A asibiti."

"To ni ba a asibiti na koyi tuƙi ba."

Matarsa ta sa baki, ta ce gara ƙyaure da ɗan mutane, a bar maganar haka. Tsohon Direba bai ɗaga murya ba, domin ba ɗabi'arsa ba ce. Sai ya gyara zama, ya kawo musu abin da aka saba yi tun da can. Ya ce a duk kamfanin da ya yi aiki, in direba ya yi karo, ba a yanke masa hukunci sai an kai motar gaban makanike an duba ta ciki da waje. Wannan ita ce ƙa'ida, kuma bai ga dalilin da zai sa a hana shi a gidansa abin da baƙi suka ba shi a wurin aiki ba.

Mamana ta ce ta yarda. Ranar hutunta za ta tuƙa su zuwa gareji. In an sami laifi a jikin mota, makulli ya dawo. In ba a samu ba, Baba ba zai ƙara tambaya ba.

Garejin da suka nufa na Dogo ne, wata doguwar rumfar kwano mai ƙyaure biyu, da rami a tsakiya, da tebur na ƙarfe da baƙin mai ya rina. Dogo ya daɗe yana karen mota a tirelar Tsohon Direba kafin ya koma gyaran inji. Yanzu gemunsa ya fara furfura, muryarsa kuwa tana nan yadda take, ana jin ta daga bakin titi.

"Maigida da kansa, a kujerar baya!" ya ce, yana tafa hannu. "Likita, me ya yi miki kika mayar da shi fasinja?"

"Yaya Dogo, na sha gaya maka ni ba likita ba ce. Kuma tun yanzu in faɗa maka, na san yaronsa ne kai. Kada ka ƙirƙiro mini ciwon da babu."

"Ni? In ƙafarsa ce, wallahi da bakina zan faɗa, har in ƙara gishiri. Mutumin da ya sa na kwana gadin tirela ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi yana ɗaki yana munshari?"

"Gadin ne ya mai da kai mutum," in ji Tsohon Direba yana fitowa. "Buɗe bonet."

Dogo ya buɗe, ya sa Mamana ta tayar. Injin ya tashi, allurar da ke nuna gudunsa ta hau, ta sauko a hankali, ta kwanta ƙasa da ɗaya, inda ya kamata ta kwanta. Babu ƙara, babu rawa. Mamana ta naɗe hannu a ƙirji. Tsohon Direba ya matso ya sake duban allurar.

"Sulonta daidai yake," in ji Dogo, yana nufin gudun da inji ke yi shi kaɗai in mota na tsaye. "Maigida, ran nan daga ina ka fito?"

"Daga bayan gari. Ta hanyar tudu."

"Ta hau tudun da ƙarfinta?"

Tsohon Direba ya girgiza kai. Ya ce a'a, kwanan nan sai ya danna mata sosai take hawa, kuma yana jin wani siririn fito, ya ɗauka iska ce ke shiga ta gefen gilashi. Da ya fito daga motar ran nan kuma ya ji ƙauri irin na ƙarfen da aka bari a wuta.

Idanun Dogo suka buɗe. Ya rufe bonet da ƙarfi, ya goge hannu a wando.

"Likita, akwai mara lafiyar da zazzaɓinsa ba ya tashi sai ya yi tafiya, ko babu?"

"Akwai."

"To kin auna shi yana kwance da safe, kin sallame shi. Shiga mu je. Tudun za mu hau."

Mamana ce ta tuƙa, Dogo a gefenta, Tsohon Direba a baya. Sai dai wannan karon bai jingina ba. Ya matso gaban kujera, ya sa kansa tsakanin kujerun gaba biyu, kunnensa a buɗe. Suka fita daga cunkoson gari, suka wuce shagunan masu walda da wurin sayar da katako, hanya ta miƙe, rana ta take. Da suka iso gindin tudun, Dogo ya buga dashbod.

"Ba ta wuta! Taka, Likita, ba allura kike yi wa jariri ba!"

Ta taka. Injin ya yi gurnani, amma motar ta riƙa hawa da nauyi kamar an ɗaura mata kaya. Can sai ga shi, siririn fito daga ƙarƙashin bonet.

"Ga shi nan!" in ji Tsohon Direba, har ya dafa kafaɗar Dogo. "Kun ji? Kun ji shi?"

"Na ji. Likita, juya mu sake hawa."

Suka sauko suka sake hawa, suka kuma sakewa, Dogo yana cewa a ƙara, Tsohon Direba yana cewa a ƙara, Mamana tana cewa ba ta san wanda ya fi wani rashin hankali a cikinsu ba. Daga nan suka kama hanyar komawa. A mararrabar farko wata babbar mota ta tsaya a gabansu. Mamana ta ɗage ƙafa daga totur, ta taka birki. Motar ta ci gaba da turawa. Ta yi salati, ta miƙe a kan birkin da ƙafa biyu, suka tsaya saura ƙiris su shige ƙarƙashin babbar motar. Allurar da ya kamata ta kwanta ƙasa da ɗaya tana can kusa da biyu, injin yana kuwwa, ƙafar kowa ba ta kan totur.

Dukansu suka ƙura wa allurar ido. Sannan Tsohon Direba ya yi gyaran murya.

"Mamana, lafiya? Ko ƙafar ce ta fara tsufa? Ba abin kunya ba ne."

Dogo ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Mamana ba ta yi dariya ba.

"Na ji, Baba, ba ƙafarka ba ce," in ji ta. "Amma ka ga abin ya ƙara muni ke nan. Motar da ke tafiya da kanta ba zan bar ka ka hau ba. Ƙannena sun riga sun ce in gyaran babba ne a sayar da ita, mu riƙa kai ka duk inda kake so."

Murnar Tsohon Direba ta koma ciki. Ya san 'ya'yansa. In aka sayar da wannan, ba za a sayi wata ba. Za a riƙa ɗaukarsa kamar buhu, a ajiye shi, a ce masa ƙarfe kaza za a dawo. An wanke ƙafarsa, amma makullin yana nan inda yake.

"Dogo," ya ce, "ka ji dai."

"Na ji, Maigida. Mu isa tukuna. Likita, bi a hankali, ki bar tazara."

Suna shiga rumfar, Mamana ta kai hannu za ta kashe injin. Murya biyu suka daka mata tsawa a tare.

"Kada ki kashe!"

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Tsohon Direba ya bayyana mata, cikin jin daɗin wanda aka zo fagensa, cewa tun zamanin manyan motoci ba a kashe inji mai turbo da an dawo daga tafiya. Baƙin mai ne ke zagayawa yana sanyaya shi. In aka kashe yana da zafi, man da ke ciki ya tsaya ya ƙone, ya zama gawayi, turbon ya tashi aiki.

Dogo ya buɗe bonet. Wani zafi ya bugo su har suka ja da baya. Ya je ya jawo ƙyauren rumfar biyu ya rufe, wuri ya yi duhu, ya kira su su leƙa ta bayan injin. Can ƙasa, inda turbon yake manne kamar katantanwa ta ƙarfe, gefensa ɗaya ya yi ja, ja mai duhu irin na garwashin da ya fara kwanciya.

"Innalillahi!" in ji Mamana. "Ina ruwa? A kawo ruwa!"

"Ki zuba masa ruwa ya tsage gida biyu, mu huta da gardama," in ji Dogo. "Bar shi. Maigida, ka taɓa ganin irin wannan?"

"Sau ɗaya, a tankar mai. Ita salansarta ce ta toshe."

"To mu fara da nan."

Dogo ya buɗe ƙyaure, haske ya dawo. Tsohon Direba ya riga shi zagayawa bayan motar. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa, abin da ya daɗe yana cewa gwiwarsa ba ta yarda da shi, ya kanga tafin hannu a bakin salansa. Hayaƙi yana fita da ƙarfi, yana bugun hannunsa.

"Hanya a buɗe take!" ya yi kira. "Ba nan ba ne!"

"Ɗaya ya fita," in ji Dogo. Ya zagaya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ko shimfiɗar ƙafa ce ta danne totur. Ba ta kusa da shi. Ya duba matatar iska, tana da tsabta. Ya haska bututun da ke kai wa turbo mai, babu yoyo, babu lanƙwasa, fitilar mai kuma ba ta kama ba. Ruwan lagireto bai tafasa ba, fanka tana juyawa. Duk abin da ya duba sai ya faɗa da ƙarfi, Tsohon Direba ya amsa da "madalla", kamar masu kiran sunayen kaya ana sauke mota.

"Kun ce ba wannan ba, ba wancan ba," in ji Mamana. "In ba a sami komai ba fa? Turbon ne ya mutu ke nan?"

"Turbo ba ya sa sulo ya hau," in ji Dogo. "Abu biyu ne a gabanmu, inji yana gudu shi kaɗai, turbo yana ƙuna. Ko dai ɓarayi biyu ne suka shigo gida rana ɗaya, ko kuwa ɓarawo ɗaya ne mai hannu biyu. Ni na fi zargin ɗaya."

Ya ɗauko na'urarsa ta bincike, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura mata ido. Tsohon Direba ba ya ƙaunar na'urar nan, ya sha cewa a zamaninsu kunne da hanci sun isa. Amma yau har leƙe yake yi ta kafaɗar Dogo.

"Me ta ce?"

"Ta ce iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Akwai iskar da ke shiga injin nan ba ta ƙofa ba."

"Ta ina?"

"Nan ne iyakar iliminta, Maigida. Ta ga ɓarawo ya shiga, ba ta ga tagar ba."

"Ka gani! To kawo tiyo."

Dogo ya yanko guntun tiyon ruwa, ya miƙa masa. Tsohon Direba ya cire hula, ya ba Mamana ta riƙe, ya kafa baki ɗaya na tiyon a kunnensa, ya riƙa bin injin da ɗaya bakin, a hankali, daga gaba zuwa baya. Haka maigidansa na farko ya koya masa neman iska a jikin inji, kuma bai taɓa ganin hanyar ta ba da kunya ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ta ko'ina gurnani ne kawai yake ji. Ya bi ta gefen dama, babu. Ya bi ta sama, babu. Da ya kai can baya, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, sai ya tsaya cak.

"Dogo. Akwai maciji a nan."

"Yana huci?"

"Yana huci!"

Dogo ya ɗauko filaya. A wurin akwai tiyoyin roba da yawa, manya da ƙanana, sun bi ta kan juna. Ya matse na farko, injin bai kula ba. Ya matse na biyu, ko gezau. Ya cusa dogon hannunsa can ƙasa, yana tsaki saboda zafi, ya kamo wani mai kauri kamar babban yatsa, ya matse shi daga tushensa.

Nan take kuwwar ta faɗi. Injin ya sauke murya, ya koma raɗa.

"Likita, duba allura!"

Mamana ta leƙa ta taga. "Ta sauko! Ta koma ƙasa da ɗaya!"

Ya saki filaya, injin ya sake tashi da kuwwa. Ya matse, ya kwanta. Ya saki, ya tashi.

"Sake!" in ji Tsohon Direba, bakinsa har kunne. "Sake, ta gani da kyau!"

"Baba, na gani."

"Ki ƙara gani. Dogo, sake!"

Da jan turbon ya dushe, suka kashe injin. Dogo ya kwance tiyon, ya fito da shi haske. Ta sama lafiyarsa ƙalau, baƙi wuluk, har yana sheƙi. Da ya juya shi ya lanƙwasa, sai ga tsaga a cikinsa, tsawon ɗan yatsa, ta buɗe baki.

"Ga ɓarawon," in ji shi. "Wannan tiyon daga inji yake zuwa tukunyar birki. Injin ne ke zuƙe iska ta cikinsa, shi ya sa birki yake laushi a ƙafa. Da safe robar tana da sanyi, tsagar a rufe take, shi ya sa kika ga lafiya. In ta ɗau zafi ta saki, sai bakin ya buɗe. Mota na tsaye, inji ya riƙa shan iska ta nan, sulo ya hau, birki ya rasa mai taimakonsa ya yi tauri."

"To turbon fa?" in ji Mamana. Ta matso, ta manta da naɗe hannu.

"A kan tudu abin juyawa yake. Turbo yana hura iska cikin inji, ita kuma tana tserewa ta wannan tsagar. Shi ne fiton da kuka ji. Inji ya ce bai ƙoshi ba, turbo ya ƙara gudu, ya ƙara, kamar mai cika tulu mai huda. Ga lissafin mai da iska ya rikice, wutar ta ƙara zafi. Ina zai ƙi yin ja?"

"Rami ɗaya," in ji Tsohon Direba a hankali, yana jinjina kai. "A tsaye ya sha, a tafe ya fitar. Kai, Allah mai iko."

Hankalin Dogo yana kan tiyon. Yana murza robar tsakanin yatsunsa, ta yi laushi kamar ƙullu, tana manne masa a hannu. Ya kai ta hanci. Ya sake kaiwa. Sannan ya dubi injin gaba ɗaya, yadda kowane tiyo ke ƙyalli, babu ƙura ko ta magani.

"Maigida, wa ke wanke injin nan?"

"Ni. Wa zan bari?"

"Da me?"

"Da abin da ake wanke inji. Kananzir da tsumma, duk ƙarshen mako. Sannan in bi robobin da ɗan baƙin mai su yi kyau."

Dogo ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya riƙe kai. Mamana ta dubi mahaifinta, ta dubi Dogo.

"Yaya Dogo, kananzir ɗin ne?"

"Shi ne ya cinye ta. Yana gangarawa ya taru a ƙarƙashi, inda tsumma ba ya kaiwa. Irin wannan robar ba ta shiri da shi ko kaɗan."

Tsohon Direba ya karɓi hularsa, ya sa, ya daidaita ta. Ya ce shi dai abin da ya sani, duk tirelar da ya ja da kananzir aka wanke ta, kuma manyan kamfani da kansu sukan tsaya su yaba injinsa. Dogo ma shaida ne, domin shi ke riƙe galan.

"Ni ke riƙe galan, gaskiya ne. Amma waɗancan bututunsu na ƙarfe ne, Maigida. Wannan rabinta roba ce."

"Laifin masu ƙera ta ne da suka sa roba inda ya kamata a sa ƙarfe."

"Baba!"

"Ban ce ba zan daina ba. Na ce a san inda laifin ya faro."

Sauran abu ɗaya, kuma shi ne babba. In zafin ya riga ya lalata turbon, gyaran ya zama irin wanda ƙannen Mamana suka ambata. Dole a jira ya huce kafin a taɓa shi. Dogo ya yi amfani da lokacin ya sa sabon tiyo, ya bi sauran robobin ɗaya bayan ɗaya, ya canza waɗanda suka fara laushi. Tsohon Direba ya kasa zama. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya kai bayan hannu kusa da ƙarfen ya janye, ya sake zuwa bakin ƙofa.

Da ƙarfen ya yi sanyin taɓawa, Dogo ya kwance babban tiyon da ke bakin turbo, ya haska ciki. Ga 'yar fankar nan mai fukafukai sirara. Ya zura yatsa zai taɓa, sai ya fasa, ya ja gefe.

"Maigida, zo ka ji da hannunka. Kada a ce na yi son kai."

Tsohon Direba ya zura yatsa biyu, ya kama kan sandar da ke riƙe da fankar. Ya girgiza ta sama da ƙasa, motsin da ta yi bai fi a ce babu ba. Ya ja ta gaba da baya, ba ta motsa ba. Ya murza ta, fankar ta juya sumul, ba ta goga bango ba, babu mai a yatsunsa.

"Mamana, zo ki sa hannu."

"Ni me na sani a ciki?"

"Kin san bugun jini. Zo."

Ta sunkuya, ta murza, 'yar fankar ta yi ta juyawa ita kaɗai kafin ta tsaya.

"Yana da rai," in ji Dogo. "Da an ƙara mako biyu ana hawa tudun nan, da sai dai mu yi masa addu'a. A canza baƙin mai yau, shi ke nan."

Tsohon Direba ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala da ƙarfi, har mai shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambayar ko haihuwa aka yi.

Da aka gama aka rufe bonet, sai kowa ya yi tsaye. Dogo ya ce gyara ba ya cika sai an gwada a kan tudun da ya tona ciwon. Ya faɗi haka yana kallon rufin kwano. Mamana tana riƙe da makullin. Tsohon Direba bai miƙa hannu ba. Ba a roƙon abin da ƙa'ida ta riga ta bayar.

"Galan ɗin kananzir zai koma kicin wurin Mama," in ji ta.

"Zai koma."

"Kuma duk ranar da ka ji wani fito ko wani ƙauri, ba za ka ce iska ce ba."

"Wannan kuma gaskiyarki ce."

Ta ɗan rusuna, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya zagaya, ya buɗe ƙofar direba, ya mayar da kujera baya daidai tsawon ƙafarsa, ya gyara madubi.

Motar ta haye tudun kamar ba ita ba, babu fito, babu nauyi. Dogo yana baya yana ihu a ƙara mata wuta, Tsohon Direba ya ce shi ba a koya masa hawan tudu. A mararraba ya taɓa birki da kan yatsun ƙafa, ta tsaya cak, allura ta kwanta a wurinta. Suka sauke Dogo a bakin gareji, yana ɗaga musu hannu yana cewa ran da za a gyara fitila da ƙyaure kada a neme shi, shi ba mai walda ba ne.

Da suka kama hanyar gida, Mamana ta yi hamma, ta kwantar da kujerarta baya, ta ajiye jaka a cinya.

"Baba, in mun iso ka tashe ni."

Kafin su wuce shagunan masu katako barci ya ɗauke ta. Tsohon Direba ya rage gudu, ya kauce wa ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kwanar da ke shiga unguwarsu, ya dube ta, ya dubi hanya, ya wuce kwanar, ya bi ta doguwar hanyar da ke zagaye gari.